Sarkin Sito da Manhajar da Ta Shige Masa Duhu

Malam, ka taimake ni kafin Litinin. Amma tun da wuri ina roƙonka abu ɗaya: kada ka ce in je in tambayi yarinyar. Da zan tambaye ta, da ban ɓata maka lokaci ba.

Ni ne mai kula da sito a wurin gyaran injin ban ruwa da janareta na yayana. Shekara ashirin da shida ke nan makullin ɗakin yana aljihuna. Kanta goma sha ɗaya ne a ciki, durowa ta fi ɗari uku, kuma ko wuta ta ɗauke zan shiga in ɗauko maka boris ɗin da kake nema ban kunna tocila ba. Makanikai suna kirana Sarkin Sito, wasu don girmamawa, wasu don in ba su washa ba takarda. Ban faɗi wannan don yabon kai ba. Na faɗa ne don ka san wanda yake rubuto maka ba mutumin da abu ke ɓacewa a hannunsa ba ne.

Yarinyar da nake nufi 'yar yayana ce. Ni na riƙa kai ta makaranta a bayan keke, tana riƙe da rigata tana kukan an manta mata gorar ruwa. Yau ta karanta kwamfuta, kowa a wurin aiki Injiniya yake ce mata, har ubanta. Ita ta kafa mana kwamfutar ofis, ta ɗora mata tsarin Linux, ta kuma yi wa mai karɓar baƙi wani maɓalli a kan allo: idan aka kawo inji, a rubuta sunan mai shi, a danna, firinta ta fitar da sitika biyu, ɗaya a manna a jikin injin, ɗaya a jikin tiren da za a zuba kayan cikinsa idan an kwance. Ni ma da wannan manhajar nake buga sitikar durowoyina. Shekara biyu da suka wuce ta ba ni kalmar sirrin kwamfutar, bayan ta yi mini huɗubar da ko ɗan firamare ba a yi wa irinta.

To, na sayo sababbin sitiku sirara don ƙananan durowoyi, sai manhajar ta riƙa yanke rubutun. Rabin lambar boris a sitika ɗaya, rabi a ta gaba. Na gaya wa Injiniya. Ta ce akwai sabuwar fitowa da ke gyara wannan, Baffa ya bari ta samu lokaci. Wata huɗu ina bari. Duk lokacin da na yi magana sai ta yi murmushin nan da ake yi wa tsoho idan ya tambayi abin da ya tambaya jiya. Makon jiya ta tafi kwas na mako biyu, sai na ce da kaina, kai, wannan abu mutum ne ya rubuta shi, ba aljani ba.

Na nemo shafin masu manhajar. Sun ce sabuwar ba ta zo a shirye ba, ɗanyen rubutunta ake saukewa, mutum ya harhaɗa a kwamfutarsa. Umarni uku ne kacal. Na kwafe su a takarda da babban rubutu, na jira Laraba da rana da makanikai suka fita cin abinci, na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Umarnin farko ya tsaya sau biyu yana cewa akwai abin da ya rasa. Na karanta, na nemo, na sa masa. Na biyu ya kama zuba rubutu kamar ruwan sama, na fi minti ashirin ina kallo. Malam, ba zan ɓoye maka ba, rabona da jin daɗi irin wannan tun ranar da na fara tuƙa mota ni kaɗai. Na uku, wato make install, ya nemi kalmar sirri, na ba shi, ya gama bai yi ƙorafin komai ba.

Daga nan sai na yi abin da nake yi kullum. A sitona kwali ba ya kwana idan an kwashe kayan cikinsa, don nan ɓera yake gida. Na ga foldar da na sauke ta gama aikinta, na goge ta, na bi ta kwandon shara na sake gogewa. Allo ya yi fes.

Sai na danna hoton manhajar. Tsohuwar ce ta buɗe, tana yanke rubutu kamar yadda ta saba. Na ce to, bari in nemo inda aka ajiye sabuwar. Na bi folda folda ina neman wadda ke ɗauke da sunanta. Guda ɗaya na samu, ba komai a ciki sai ƙananan hotuna da samfurin sitiku. Na koma baƙin allo na rubuta sunanta, sai ta ce ba ta ga wani fayil ba, mai dogon suna da ya fara da lib. Ni da na ga an zuba kaya da idona, yanzu a ce babu?

Washegari da safe maɓallin mai karɓar baƙi ya mutu. Ta danna, ta danna, shiru. Kowa ya ce firinta ce. Babban makanikenmu, wanda bai taɓa ganin abu mai noti ya ƙyale ba, ya ɗauke ta ya kwance a kan tebur, yana cewa ai ita ma inji ce. Yanzu haka kayan cikinta suna cikin tire, kuma tiren ba sitika. Mun koma rubutu da alƙalamin maka a jikin salatif, baƙin mai yana gogewa. Yau Juma'a aka cakuɗa kayan injin mutum biyu, wani mai lambu ya dawo da nasa yana ta faɗa, shukarsa na jiran ruwa.

Ban gaya wa kowa a wurin aiki ni na taɓa kwamfutar ba. Amma da muna shan shayi Yaya ya ce, idan Injiniya ta dawo Litinin ta gano wani ne ya taɓa kwamfutar, to wannan mutumin ya gama taɓa ta, za a canja kalmar sirri, in yana son sitika ya bi layi wurin mai karɓar baƙi. Bai ambaci suna ba. Ta saman tabarau ya dube ni, yadda yake dubana tun muna yara idan an sha madarar da aka ajiye.

A gida ma ban tsira ba. Uwar 'ya'yana, da na yi kuskuren gaya mata, ta ce wai mai furfura ya je wasan yara ya fasa musu ƙwallo. Ta ce in kira yarinyar in ce Baffa ya yi ɓarna, ai ba a kaina aka fara ba. Na ce ban yi ɓarna ba. Gyara na yi, gyaran ne ya ɓuya.

Kuma a nan nake har yanzu. Ba zan ba da haƙuri don na koyi abu ba. Shekarata hamsin da bakwai, ba tamanin ba. An mai da ni wanda ake ce wa kada ka danna nan, kada ka buɗe can, alhali lokacin da aka kafa wurin nan ni da Yaya muka ɗauki injin farko a kafaɗa. Idan aka karɓe kalmar nan, makanikai za su ji kafin la'asar, kuma na san sunan da za su sa mini ba zai zama Sarki ba. Abin da nake so ka gaya mini shi ne: ina kwamfuta ta kai kayan da na harhaɗa? Wane ɗaki, wace kanta? Ka nuna mini ƙofar kawai, sauran aikina ne.

Naka,
Mai Sito Da Bai Taɓa Ɓatar Da Kusa Ba

Ranka ya daɗe Sarkin Sito,

Na tura maka wannan amsa tun ranar Asabar don kada Litinin ta riga jarida zuwa. Ina fitar da ita a nan ne saboda na san akwai irinka da yawa, suna zaune gaban baƙin allo suna zargin kwamfuta da sata.

Da farko, barka. Ba wasa nake ba. Na san masu digiri da ke tsayawa a ƙorafin farko su rufe allo su ce abin ba ya yi. Kai ka karanta abin da ta ce, ka nemo, ka ba ta. Wata huɗu kuma ba ƙaramin jira ba ne ga mutumin da lambar boris ke rabe masa biyu kullum. A wannan ina bayanka.

Amma wanzami ba ya son jarfa. Ka gaya mini, idan aka kawo maka akwatin kayan inji, kanta guda kake ware masa ka rubuta sunansa? Na tabbata a'a. Boris yana tafiya wurin boris, bel wurin bel, noti wurin noti, ko daga wane akwati suka fito. To abin da ka yi wa kayan mutane shekara ashirin da shida shi aka yi wa naka ranar Laraba. Wannan tsarin kwamfuta ba ya ajiye manhaja a folda guda da sunanta. Rarraba ta yake yi bisa iri. Kai da ka fi kowa sanin wannan hikima, ka shiga siton wani kana neman akwati.

Ga ƙofar da ka nema. Abin da mutum ya harhaɗa da hannunsa, in bai faɗi wani wuri ba, yawanci ƙarƙashin /usr/local yake sauka. A ciki, foldar bin ita ce kantar abin da ake kunnawa, lib ta kayan da manhajar ke jingina da su, share kuma ta hotuna da samfura, wato wadda ka gani ka raina. Tsohuwar manhajar tana wani sito dabam, /usr/bin, ba abin da ya same ta. Idan kana son ganin su biyun, rubuta which -a sannan sunan manhajar. Layi biyu za su fito, kuma na sama shi ne wanda kwamfuta ke fara kira idan an ambaci sunan. Idan kuma kana son ganin duk abin da ya shigo kwanan nan, rubuta find /usr/local -ctime -7. Zai jero maka abin da ya canja a wurin cikin kwana bakwai. Tun da Injiniya ba ta nan, duk abin da ka gani aikinka ne.

Yanzu ka gyara zama. Ƙorafin nan na lib da ya ɓata maka rai, muryar sabuwar manhajarka ce. Tana nan, ta amsa kira, sai dai kwamfutar ba ta san an kawo sabon kaya kantar lib ba, don tana aiki da jerin da ta haddace tun da. Hoton da kake dannawa da cikakken adireshin tsohuwar aka ɗaure shi, shi ya sa ita ke buɗe maka. Maɓallin mai karɓar baƙi kuwa, bisa abin da ka bayyana, da suna kawai yake kira. Da can tsohuwar ke amsawa. Tun Laraba taka ke shan gabanta ta amsa, sannan ta faɗi a bakin ƙofa. Ban ga kwamfutar da idona ba, amma zan yi mamaki idan ba haka ba ne. Firinta dai ba ta ci nanin ba, nanin ta ci ta.

Akwai umarni guda, sudo ldconfig, da ke sa kwamfuta ta sabunta wancan jerin, kuma mai yiwuwa komai ya tashi nan take. Na faɗa maka don kada ka ce na ɓoye. Amma ban ba ka shawarar yin sa a kwamfutar da abincin mutum goma ke rataye da ita ba. Ba mu san ko maɓallin Injiniya zai jitu da sabuwar ba, kuma ka riga ka ga yadda gyara ke ɓuya.

Abin da za ka yi shi ne ka dawo da kwalin da ka ƙone. A sito tsabta ce, a nan kuwa takardar jerin kaya ka haɗa ka zubar, don wannan foldar ita ta san inda ta kai kowane fayil. Sake sauke ɗanyen rubutun, fitowar da ka sauke ranar Laraba ita dai, ba wata ba. Yi umarni na farko da na biyu kamar yadda ka yi. Kada ka yi na uku. Maimakonsa ka buɗe folda fanko, ka rubuta make install DESTDIR= ka liƙa cikakken adireshin foldar. Yawancin manhajoji sun san wannan, kuma ba ya bukatar kalmar sirri. Kamar ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida ne ka baje kaya kafin a hau da su kanta: duk abin da ya sauka a nan, irinsa yana can /usr/local a gurbi iri ɗaya. Gwada shi da jerin da find ya ba ka. Idan sun dace, rubuta sudo make uninstall daga cikin foldar da ka sauke. Idan masu manhajar ba su tanadi wannan ba, cire fayilolin ɗaya bayan ɗaya bisa jerin, kana karanta kowane suna sau biyu. Kada ka goge folda sukutum don ta yi maka kama da taka. Da ka gama, sake gwada which -a. In layi ɗaya ya rage, maɓallin zai koma kiran tsohuwar. Sai a roƙi babban makanike ya mai da firinta yadda ya same ta, in ya tuna.

Sabuwar kuma ba haramun ba ce gare ka. A umarnin farko ana iya ƙara --prefix= da adireshin wata folda taka ta kanka, komai ya sauka a can, wuri guda, yadda ranka ya so tun farko. Ba ta shan gaban kowa, in ka gaji da ita ka goge.

Saura abin da ka ce kada in faɗa. Na cika alkawari, ban ce ka tambaye ta ba. Cewa nake ka gaya mata, kuma tsakanin biyun akwai tazara. Kada ka ba da haƙuri don ka koyi abu, a nan ko Yaya ya zo ni zan tare maka. Amma ba koyon ne ya cakuɗa kayan injin mutum biyu ba, shirun kwana biyu ne. Ka ga ana kwance abin da ka san lafiyarsa ƙalau, ka ci gaba da shan shayi. Da makanike ne ya yi maka haka a sito, da har yanzu unguwa na jin muryarka.

Ka kuma duba ta ɓangarenta. Huɗubar da ta yi maka ba lallai raini ba ce. Ita za a kira idan abu ya tsaya, ko tana kwas ko tana gadon asibiti, kuma da ta ɗauke ka wanda ba zai iya ba, da ba ta ba ka kalmar ba tun farko. Kai, mutum nawa ne a wurin ka taɓa ba aron makullin sito? Laifinta shi ne wata huɗun nan, kuma kana da damar faɗa mata haka, a matsayin Baffa da kuma abokin aiki.

Kada ka yi tunanin gogewa za ta rufa maka asiri. Baƙin allo yana riƙe da tarihin abin da aka rubuta masa, kuma shi za ta fara dubawa. Saboda haka ka kira ta ranar Lahadi, kafin ta gani. Ka ce ga abin da na sa, ga inda ya sauka, ga abin da ya karya, ga yadda na cire, ga jerin. Sannan ka nemi abu biyu: ta buɗe maka asusunka na kanka a kwamfutar inda za ka yi gwajinka ba ka taɓa na kowa ba, kuma ta zauna da kai ku ga ko maɓallinta zai karɓi sabuwar. Yaya kuma ka same shi da kanka kafin shayin Litinin.

Ba zan yi maka alkawarin za su bar maka kalmar ba. Yayye ba su cika son janye magana ba, musamman wadda suka faɗa gaban mutane. Amma Yaya ya yanke hukuncinsa ne a kan wanda za a kama. Bai tanadi komai ba ga wanda zai shigo da ƙafarsa, aiki a gyare, takarda a hannu. Ka tilasta masa ya yi sabon tunani. In duk da haka ya ce a canja, ka ce to, kada ka roƙa, kada ka yi fushi. Wurin nan yanzu mutum biyu ne kacal suka san abin da ke cikin kwamfutarsa, kuma ɗayansu tana yawan tafiya kwas.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da ƙarfin ido, ya sa Litinin ta zo da sauƙi.